Ni da Yayana uwa ɗaya uba ɗaya, ni an ce jikina ya kori ciwon hanta na B, shi bai kora ba. Ina sojojin jikinsa suke?

Abba_Ƙofar_Mata:
Assalamu alaikum. Masana a taimaka min, kwana uku ke nan kaina a ɗaure yake. Aurena saura wata biyu, kuma kun san tun 2024 a Kano sai da takardar gwaji ake ɗaura aure. Na ce tunda dai jinin za a ɗiba, a yi min cikakken gwajin ciwon hanta na B, mai layi biyar ɗin nan. Sakamako ya fito: HBsAg babu, anti-HBs akwai, anti-HBc akwai, sauran biyun babu. Baiwar Allahn da ta miƙo min takardar ta ce, "Ka taɓa kamuwa, amma jikinka ya kore shi." Ni kuwa ban taɓa kwana a asibiti ba, idona bai taɓa yin ruwan ɗorawa ba.

Washegari na lallaɓa Yaya, wanda nake bi, muka je. Nasa: HBsAg akwai, anti-HBc akwai, anti-HBe akwai, anti-HBs babu. Shi an ce yana ɗauke da ƙwayar. To ga inda na kasa ganewa. An ce min duk wanda sunansa ya fara da "anti" sojan jiki ne. Ina da biyu, Yaya ma yana da biyu. Nono ɗaya muka sha, kwano ɗaya muka ci. Me ya sa nawa suka ci yaƙi, nasa suna nan amma ƙwayar tana zaune daram?

Maman_Hassana:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Yayanka lafiya, kai kuma Ya sa albarka a auren. Ni ban san komai a kan haruffan nan ba, na dai shimfiɗa tabarma in ji, don takardar maigidana ma tana cikin durowa shekara biyu ba wanda ya fassara mana ita.

Ɗan_Baiwa77:
Malam Abba, shawara ce aka canza wa suna don a ci kuɗinku. Abokina idonsa ya yi jawur da ɗorawa, fitsarinsa kamar shayi ba madara, an gwada an ce B ce. Ya sha jiƙon rawaya wata uku, ya koma aka gwada, babu. Ni ganau ne ba jiyau ba.

Mai_Ɗakin_Gwaji:
Ƙanena, kusan kullum sai na amsa wannan tambayar a bakin taga. Kuskuren shi ne ɗaukar duk "anti" a matsayin abu guda. Antibodi kamar ɗan sintiri ne da aka nuna wa hoto ɗaya tak, ba ya tare kowa sai mai wannan kamar. Ita ƙwayar tana da babbar riga ta waje, ita ce HBsAg. Tana da 'yar ciki da ta naɗe DNA ɗinta, ita ce mai harafin "c". Sai wani sinadari da take zubarwa a jini lokacin da take hayayyafa sosai, shi ne HBeAg. Jiki yana iya yi wa kowannensu antibodi.

Amma ƙwayar ba ta fita yawo cikin jini ba babbar riga. Saboda haka ɗan sintirin da 'yar ciki kawai ya haddace, wato anti-HBc, ko ta gabansa ta gifta ba zai gane ta ba. Amfaninsa a wurinmu shaida ne: ƙwayar ta taɓa shiga gidan nan. Wanda ke cafke ta tun kafin ta kai hanta shi ne anti-HBs. Shi kake da shi, shi Yayanka ba shi da shi. Da kuma allurar riga-kafi ce ta ba ka, da anti-HBs kaɗai za a gani, domin rigar kawai ake sawa a cikin allurar.

Abba_Ƙofar_Mata:
Na gode Anti, wallahi yanzu na fara gani. To amma me ya hana jikin Yaya yin wancan ɗin mai cafkewa?

Sani_Mai_Shago:
Ita ma ashe Anti ce. Anti-wa ke nan? Allah Ya sa mai cafkewar ce.

Likitan_Dare:
Abba, bari in ɗora a kan misalin Mai_Ɗakin_Gwaji. Abu biyu ne.

Ƙwayar tana da wayo. Hantar da ta kamu ba cikakkun ƙwayoyi kaɗai take fitarwa ba, tana kwararo rigunan wofi ba kowa a ciki. Ta gasken faɗinta nanomita 42 ne, na wofin kusan 22, kuma a kan kowace ta gaske guda ɗaya ana samun na wofi dubu ko dubbai. Duk ɗan anti-HBs da jikin Yayanka ya ƙoƙarta ya yi, waɗannan rigunan ne ke shanye shi, ya manne musu, har gwaji ba ya ganinsa. Ka tura mafarauta goma daji, an kafa musu mutum-mutumi dubu, a kan wa kibiyarsu za ta ƙare? Su kuma ƙwayoyin halittar da ke ƙera antibodin, in suka shekara suna ganin abu ɗaya ba dare ba rana, laushi suke yi.

Na biyun ya fi nauyi: yana da shekara nawa ƙwayar ta same shi? Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan 90 cikin 100 za ta zauna musu. Yaro ƙasa da shekara biyar, kusan ɗaya cikin uku ko fiye. Babba kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Garkuwar jariri tana cikin koyon wane ne ɗan gida wane ne baƙo, duk wanda ta tarar a zaure sai ta ɗauka da shi aka gina gidan. HBeAg ɗin uwa ma yana iya ratsa mabiyiya tun ɗan yana ciki, ya saba masa da ƙwayar kafin ta iso.

Batun cewa ba ka taɓa yin shawara ba, ba abin mamaki ba ne. Antibodi ba ya shiga cikin ƙwayoyin halittar hanta. Masu kashe waɗanda suka kamu wasu sojoji ne daban, ƙwayoyin T. Ita bairos ɗin da kanta ba ta cika ɓarna ba, yawancin ɓarnar hanta daga wannan faɗan ne. Ido ya yi ɗorawa, faɗa ya yi zafi ke nan. Da yawa, musamman yara, a shiru ake yi a gama.

Abba_Ƙofar_Mata:
Dakta, tsaya. Kana nufin daga Hajiyarmu ya samu?

Likitan_Dare:
Ban ce ba, kuma daga takarda ba a iya cewa. A ƙasashenmu yara da yawa tsakaninsu suke ɗauka, ta ƙuraje, ciwon ƙafa mai ruwa, reza, asuwaki ɗaya. Yana yiwuwa shi ya kamu yana ɗan shekara biyu, kai ka ɗauka daga gare shi kana ɗan shekara goma. Yana yiwuwa ma tare kuka kamu, kai ka faɗa cikin masu korewa. Amma Hajiya ta yi gwaji, da sauran ƙannenku, da matarsa da yaransa.

Gwaggon_Yara:
Don Allah a bi a hankali wajen gaya wa tsohuwa. Uwa in ta ji an ce ta wajenta ɗanta ya samu ciwo, ba za ta ƙara barci ba. Ku ce mata gwajin gida ne kowa zai yi, har ku.

Ungozoma_Talatu:
Ni abin da ke ci min rai ke nan. Najeriya ta sa allurar ciwon hanta na B cikin riga-kafin yara tun 2004, daga 2012 kuma tana cikin penta, allurar cututtuka biyar, da ake yi a sati 6, 10 da 14. Amma ta ranar haihuwa, wadda ake so a yi cikin awa 24, ita ce ke toshe hanyar uwa zuwa ɗa, ita ce kuma aka fi rasawa. A gida ake haihuwa, a ce jariri ba ya fita sai bayan suna, wasu ma sai an yi arba'in.

Ba kuma laifin iyaye kaɗai ba ne. Ƙanwata ta haihu daren Juma'a a wani ƙaramin asibiti, ta san tana da HBsAg, ta faɗa da bakinta. Aka ce mai makullin firij ya tafi, a dawo Talata ranar riga-kafi. Mijinta ya naɗe yaron cikin zani ya hau babur da asuba, sai a asibiti na uku aka samu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Dalilin gaggawar shi ne tsere ake yi: ana so jikin jaririn ya koyi rigar daga allura, ya yi anti-HBs, kafin ƙwayar gaske ta gama shimfiɗa tabarma a hanta. Uwar da ƙwayar ta yi mata yawa a jini, 200,000 ko fiye a ma'aunin gwajin, ana kuma ba ta maganin tenofovir a watannin ƙarshe na ciki.

Jikan_Sarkin_Aska:
Na san za a zo kanmu, tun da Dakta ya ambaci reza. Kullum wanzami, kullum wanzami. Ni kakana ya yi, babana ya yi, ni nake yi, kuma shekara da shekaru ba na kaciya ko cire belu sai da sabuwar reza da uban yaro ya ɓare ledarta da hannunsa. Masu yankan farce da ke yawo da almakashi ɗaya unguwa-unguwa fa? Masu kilifa fa?

Mai_Ɗakin_Gwaji:
Ranka ya daɗe, ba wanda ya kama suna. Kai da ka gyara, Allah Ya saka. Amma ka gaya wa 'yan'uwanka ƙwayar nan tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini tana da rai, gogewa da tsumma ba ya kashe ta. Ƙaho ma haka, ba askar kaɗai ba.

Jikan_Sarkin_Aska:
Batun ƙaho gaskiya ne, a nan muna da sauran aiki.

Malam_Tarihi:
Abin da ya ba ni sha'awa a bayanin Dakta shi ne rigunan wofin nan, domin su ne suka tona wa ƙwayar asiri. Wani Ba'amurke, Baruch Blumberg, yana binciken bambancin jinin al'ummomi a shekarun 1960, ya ci karo da wani sinadari a jinin wani ɗan asalin Ostareliya. Ba ma hanta yake nema ba. Daga baya aka gane HBsAg ne. Cikakkiyar ƙwayar sai a 1970 David Dane ya gan ta a Landan. Blumberg ya samu kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. Allurar farko ta 1981 daga jinin masu ɗauke da ƙwayar aka tace rigunan wofin aka yi ta. Tun 1986 kuwa yis ake sawa ya ƙera rigar, ba jinin kowa a ciki. Dabarar da ƙwayar ke yaudarar jiki da ita, da ita aka kama ta.

Sani_Mai_Shago:
Malam_Tarihi ko batun farashin tumatir ake sai ya kawo shekarar da aka fara shuka shi.

Nas_Rabi:
Ina so in koma kan maganar Ɗan_Baiwa77, don na ga an wuce ta kuma mutane na karantawa. Abokinka babba ne, ya yi sabon kamu, idonsa ya yi ɗorawa. Irinsa sama da 95 cikin 100 jikinsu ke korewa cikin wata shida, ko sun sha rawaya ko sun sha ruwan randa. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Yayan Abba ba irin wannan ba ne. Shi abin da ake tsoro ma kada a ɗora wa hantar da ke fama jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Na ga waɗanda aka kawo mana ciki ya kumbura bayan sun sha galan-galan.

Ɗan_Baiwa77:
To ku naku maganin yana warkarwa ne? Ba cewa ake a sha har mutuwa ba?

Nas_Rabi:
Bai cika fitar da ita gaba ɗaya ba, gaskiya ne. Danne ta yake yi har a daina ganinta a jini, hanta ta huta, haɗarin ƙanƙancewa da kansa ya ragu. Mai hawan jini ma ai kullum yake sha, ba wanda ya ce ya daina.

Ƴar_Damagaram:
Sannunku ƴan'uwa, daga Zinder nake. Ni an yi mini allura uku tun ina lakkol, bana da zan fara aiki a likita aka yi analiz, anti-HBs ɗina 6 kawai. An ce sai ya kai 10. Ke nan allurar ta tashi a banza?

Likitan_Dare:
Ba lalle ba, ƙanwata. Wancan 10 ɗin ana duba shi ne wata ɗaya zuwa biyu bayan allura ta uku. Antibodin da ke yawo a jini yana raguwa da shekaru, amma ƙwayoyin da suka haddace rigar suna nan kwance, ƙwayar na shigowa za su tashi. Tunda ba a gwada ki a wancan lokacin ba, kuma aikin jini za ki yi, a yi miki ƙarin allura ɗaya a sake gwadawa bayan wata guda ko biyu. In ya haura, haddar tana nan. Akwai dai 'yan kaɗan, kamar 5 zuwa 10 cikin 100, da ba sa amsa zagayen farko, su ake sake wa ukun.

Injiniya_Bala:
Ni kalmar "warke" ce ban yarda da ita ba. Ƙanwar mahaifiyata irin sakamakon Abba gare ta, an ce ta warke. Da aka fara mata maganin kansa na jini, bayan wasu watanni sai ga ciwon hantar ya dawo, HBsAg ya koma akwai. To ina warkewar?

Mai_Ɗakin_Gwaji:
Allah Ya ba ta lafiya, Injiniya. Kana da gaskiya rabi. Ƙwayar tana ajiye wani ɗan zoben DNA a can tsakiyar ƙwayoyin hanta, ana kiransa cccDNA, kuma yana iya zama har ƙarshen rayuwa. Garkuwar jiki ce ke zaune a kansa. In aka ba da magani mai rusa garkuwar, musamman irin rituximab da ke share ƙwayoyin da ke ƙera antibodi, mai gadi ya tashi ke nan. Shi ya sa ake gwada anti-HBc kafin a fara irin waɗannan magungunan, a haɗa da maganin kariya.

Nas_Rabi:
Amma kada a tsorata ango. Abba, a zaman yau da kullum kai ba mai ciwo ba ne, ba za ka sa wa amaryarka ba, ba ka kuma buƙatar allura. Ka dai adana takardar, duk ranar da wani likita zai ba ka maganin da ke danne garkuwa ka nuna masa.

Injiniya_Bala:
To a daina cewa warke, a ce an yi sulhu.

Likitan_Dare:
Ko sulhu ba a yi ba, Injiniya, ɗaurin talala ne. Amma in mutum ya tambaye ni a ofis, ina ce masa ya warke, sannan in ƙara masa wannan sharaɗin. In na fara da cccDNA ba zai ji sauran ba.

Bintu_Kumasi:
Ni ta ɓangaren aure abin ya taɓa ni. An sa rana, gwaji ya nuna ina da HBsAg, dangin mijin suka janye, har kofin da na sha ruwa a gidansu aka ware. Ba wanda ya gaya musu cewa ba a ɗauka ta abinci ko gaisawa, ba wanda ya ce musu allura uku za a yi masa, yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida, a gwada a ga anti-HBs ya hau, shi ke nan. Wanda na aura daga baya haka ya yi. Yaranmu biyu, duk an yi musu ta ranar haihuwa, duk an gwada ba su da ita.

Maman_Hassana:
Allah sarki Bintu. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Abba_Ƙofar_Mata:
Na gode kwarai. Saura abu biyu. Shi anti-HBe ɗin Yaya fa, alheri ne ko sharri? Sannan, kada ku yi min dariya, tunda ni ina da anti-HBs kuma jininmu ɗaya, ba za a iya ɗiban nawa a ƙara masa ba?

Likitan_Dare:
Ba abin dariya ba ne, domin akwai abu makamancin haka, sunansa HBIG, anti-HBs ne da aka tace daga jinin mutane. Ana yi wa jaririn uwa mai ɗauke da ƙwayar, ko ma'aikacin da allura ta soke shi. Amma tare ƙofa yake yi kafin ɓarawo ya shiga, kuma aron 'yan watanni ne. Ga wanda ƙwayar ta riga ta zauna masa, rigunan wofin nan za su lashe shi kamar an zuba cokalin ruwa a rairayi.

Anti-HBe kuwa sau da yawa alama ce mai kyau, yana nuna garkuwar ta ɗan farka, hayayyafar ta ragu. Sai dai ba a sakin jiki da shi. Wani lokaci ƙwayar takan canza harafi ɗaya a DNA ɗinta, ta daina fitar da HBeAg gaba ɗaya, ta ci gaba da hayayyafa a ɓoye. A takarda su biyun kamarsu ɗaya. Mai raba gardama shi ne gwajin yawan DNA na ƙwayar, da ALT mai nuna ko hanta na jin ciwo, da hoton hanta, kuma ba sau ɗaya ba. Daga nan za a san ko magani zai fara ko bibiya kawai. Ya guji giya da shan magani barkatai, ya kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin gubar da ke cikinsu in ta haɗu da wannan ƙwayar haɗarin kansar hanta yana ninkuwa.

Sani_Mai_Shago:
Gwajin DNA ɗin nan fa kuɗinsa ba na wasa ba ne. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya ce kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita, amma gwajin ƙanjamau kyauta ne, wannan kuwa sai ka sayar da akuya. Shi ya sa mutane ke bin su Ɗan_Baiwa.

Ɗan_Baiwa77:
Ka dai faɗi gaskiya yau.

Abba_Ƙofar_Mata:
Na bi shawarar Gwaggo. Na ce wa Hajiya gwajin gida ne, ta ce ita lafiyarta ƙalau, amma in za a kai jikokinta za ta raka su. Mun sa ranar Litinin. Yaya ne dai har yanzu ba ya son a yi maganar, jiya ma a waje ya ci abincinsa shi kaɗai, sai da na ɗauko cokali na zauna na sa hannu a kwanon.

Maman_Hassana:
Na tono takardar maigidan. Shi duka babu ne, sai anti-HBc kaɗai akwai. Ba irin na Abba ba, ba irin na Yayansa ba. Wannan kuma wane layi ne?

Mai_Ɗakin_Gwaji:
Maman Hassana, wannan shi ne mai ba mu ciwon kai. Galibi tsohon kamu ne da anti-HBs ɗinsa ya dusashe. Yana iya zama an gwada shi a tsakani, rigar ta ɓace mai cafkewar bai bayyana ba tukuna. Yana iya zama ƙwayar na nan ƙasa-ƙasa, yana kuma iya zama kuskuren abin gwajin, don masu layi biyar ɗin nan ba su da tabbas kamar na inji. Shekara biyu ta yi nisa, ya zo a sake.

Maman_Hassana:
Mutumin da ko allurar zazzaɓi sai an yi da gaske? To, bari ya dawo daga kasuwa.